Gwafar Kakanmu Jika

Ranar kasuwar Tanut da ta wuce, ina tsugune wurin mai shayi, sai na ji wani mutum da ban taɓa gani ba yana ba da labari har da dafa ƙirji. Wai a wani ƙauye tsakanin Falanko da Gangara, raƙumi ya tumɓuke rijiya sukutum, da bakinta da ruwanta, ya ja ta a ƙasa har Belbeji. Yanzu haka mutanen Belbeji ke shan ruwan, masu rijiya kuwa an bar su da fili sumul, ko ramin gyare babu. Wani mai sayar da kanwa ya ce ƙwarai kuwa, shi da idonsa ya ga sawun rijiyar a kan hanya, har jakinsa ya tsaya ya sha.

Na bari suka gama, don ni ba na katse wa mutum ƙarya tana tsakiyar daɗi. To amma ƙauyen namu ne, raƙumin kuma na taubashina Abdulgani ne, saboda haka dole in gyara. Rijiya tana nan inda kakanni suka haƙa ta, ko taku ɗaya ba ta matsa ba. Abin da raƙumi ya ja igiya ce gaba ashirin, da reshe ɗaya na ruɓaɓɓen ice, kuma Belbejinsa ba ta wuce bayan gonar Liman ba, inda aka same shi yana cin ƙaya hankali kwance. Sai dai kada ku yi saurin yi wa Abdulgani barka. Da rijiyar ce ta tafi da ya fi samun sauƙi, don da kowa ya taya shi asara.

Abdulgani ɗan kawuna ne, ni ɗan gwaggonsa. Kakanmu ɗaya, marigayi Jika. Kun dai san tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ba a fushi: in na faɗi ya shanye, in ya rama in shanye. Shekara arba'in da biyar ke nan ina faɗi, shi kuwa bai cika ramawa ba, don ramuwar ma cewa yake a bari ta kwana.

Kalmarsa ke nan tun yana tsumman goyo: "A bari ya kwana." Inna ta ce ranar da aka haife shi bai yi kuka ba sai washegari da hantsi, bayan ungozoma ta je gida ta dawo. Tare aka sa mu lekol, wato makarantar boko, a Falanko. Wata rana mushe, wato malaminmu, ya kama shi yana barci, ya ce gobe ya zo da ubansa. Abdulgani bai gaya wa kowa ba, bai zo da kowa ba, shi kansa ma bai zo ba. Kwana goma sha biyu yana fita da safe kamar mai tafiya lekol, sai ya yini a gindin wata aduwa yana kallon gajimare. Ran na goma sha uku aka yi wa mushen canjin wurin aiki zuwa Damagaram, sabon da ya zo kuma bai san da maganar ba. Abdulgani ya koma aji ya zauna, ya juyo ya dube ni ya ce, "Ka gani?"

Wannan "ka gani" ita ta ɓata shi. Da ya girma tunkiyarsa ta ɓace, aka ce ya bi sawu kafin iska ta shafe. Ya ce a bari ta kwana. Ta kwana wata biyu, ta dawo da ƙafarta, ga ciki har yana jan ƙasa, ta haifi biyu. Shekarar da fara ta sauko daga arewa, duk gari muka fita da gwangwanaye da tsofaffin garewani muna kaɗawa, muna hayaƙi, muna ihu har muryata ta dushe sati guda. Shi yana kwance a bukkar gonarsa da hula a fuska. Da la'asar iska ta juya ta kwashe farar kaf ta zuba a gonata. Haƙori ya taɓa kumbura masa kunci kamar ya ɓoye goriba, matarsa Raishatu ta yi roƙon duniya ya je likita Gangara, ya ƙi. Haƙorin ya gaji don kansa ya faɗo cikin fura.

Sai suna ya fita. Masu rigimar iyakar gona suka fara zuwa wurinsa neman shawara, ya ba su kalmarsa guda, su tafi suna cewa Abdulgani akwai zurfin tunani. Ni dai abin da na lura, duk abin da ya bari ya kwana kuma ya warware, abu ne mai iya tashi ya kama gabansa. Bai taɓa gamuwa da abin da ke zaune wuri ɗaya yana ci ba.

Yanzu bari in kai ku bakin rijiya, don wanda bai san tamu ba ba zai gane girman abin ba. Gaba arba'in ce. In ka jefa dutse, sai ka yi alwala ka gama kafin ka ji ya taɓa ruwa. Hannun mutum ba ya jan guga a nan, sai raƙumi ko takarkari. A bakinta an kafa gwafa huɗu, wato manyan itatuwa masu reshe biyu da ke karkace kan rijiyar, kowace da gargaren icen da igiya ke bi ta kai. Ɗaya ta gidan Maigari, ɗaya ta unguwar Liman, ɗaya ta su Buba, Fulanin da tun kakanninsu a nan suke shayarwa. Ta huɗu ta Jika. Mai gwafa shi ke da safiya: dabbobinsa su sha tun rana ba ta ɗaga ba, su wuce kiwo. Marar gwafa ya jira a gama, ya roƙi aro, ya ja da tsakar rana lokacin da ruwan ya ja baya ya koma rabi laka.

Ga kuma al'adar da muka taras. Muddin icenka yana tsaye, wurin naka ne, ba mai tambayarka takarda. Ran da ramin gwafa ya zama wayam, magana ta koma zauren Maigari a sake duba wanda ya cancanta. In kuwa mutum yana son canza ice, sai ya tara magada duka su yarda, a cire tsoho a kafa sabo a zama ɗaya, gaban shaidu.

To ga inda ƙullin yake. Jika ya bar ƴaƴa maza biyu: mahaifin Abdulgani, da ƙanensa Yakubu, wanda ni nake ce wa Kawu, Abdulgani yake ce wa Baffa. Da mahaifin Abdulgani ya rasu, shi dai ya ɗauki igiya ya ci gaba da ja, ba wanda ya zauna da wani. Shanun Kawu Yakubu ma a nan suke sha, amma bayan na Abdulgani. Shekara tara tsakaninsu ba abin da ya wuce "Ina kwana, Baffa" da "Lafiya lau". Abdulgani yana tsoron ran da ya ce sabon ice, Baffa zai ce shi ne babba, da sunansa za a kafa. Icen da Jika ya kafa da hannunsa kuwa, ba mai iya tanka masa.

Buba ne ya fara lura, bazara uku da suka wuce. Ya ƙwanƙwasa gindin gwafar da sandarsa, ta amsa kamar ƙwaryar da ba komai a ciki.

"Abdu, icen nan cikinsa ba kowa."

"Icen Jika ne fa, Buba. Aduwa ce, ta girme mu duka."

"Ai shi ya sa. Gara ta shige ta ta ƙasa. Kasa kunne ka ji, suna nan suna tauna."

"A bari ya kwana."

"Su ba sa kwana," in ji Buba, ya kora shanunsa.

Kada in zalunce shi, ba wai bai yi komai ba. Ya zuba toka. Ya je tasha ya roƙo baƙin mai ya kwarara a gindin, garar ta ci ta ƙara sheƙi. Ya tokare da dutse. Da ice ya tsage ya ɗaure da waya, da wayar ta tsinke ya ɗaure da robar tayar keke, har gwafar ta koma kamar ƙafar wanda ya faɗo daga mota. Duk abin da ake iya yi ba tare da an taka ƙofar Baffa ba, Abdulgani ya yi shi sau biyu.

Bazara ta biyu gwafar ta fara kuka. Duk wasakin da ya taso cike, wato babban gugan nan na fata, sai ka ji ƙiiiƙ, irin ƙarar da ke sa haƙora tsami. Mata suka daina ajiye tuluna a wannan gefen. Raƙumin kansa, wanda ya san aikinsa har ba ya bukatar mai ja masa akala, sai ya waiwayo ya dubi icen kafin ya ɗaga ƙafa, ni kuwa na rantse leɓensa yana motsi kamar mai addu'a. Kowa a bakin rijiya ido ɗaya kan guga, ido ɗaya kan gwafar Jika. Hira ta ragu. Mutum ya cika komin shayarwa ya kora dabbobinsa da sauri.

Raishatu ba ta yi shiru ba. Katangar gidana da tasu zana ɗaya ce, komai ina ji.

"Baban Ummu, yau ma ta yi kukan nan. Ina cika tulu na ji ƙasa ta motsa ƙarƙashin ƙafata."

"Sanyin safe ne ke sa ice kuka."

"Wane sanyi a tsakiyar bazara? Gidan Baffa taku nawa ne? In nauyi kake ji, ni in je in durƙusa in faɗa masa."

"Maganar gado ba taki ba ce."

"To ta wa ce? Ta gara? Don ita kaɗai na ga tana cin rabonta."

Ni kuwa na sami abin yi. Kullum da safe sai na biya in ce, "Taubashi, ya mai jiki? Ta kwana da sauƙi?" Ya ce, "Da sauƙi," ko dubana ba ya yi. Na raɗa wa gwafar suna Tsohuwa Mai Tari. Na ce in ta cika a sanar da ni da wuri, in zo jana'iza da sabuwar riga.

Amma in gaya muku gaskiya, wannan karon kwanan bai karɓe shi ba. Mutumin da fara ba ta hana barci ba, sai ga shi ya rame, wuya ya fito kamar na zalɓe. Yana riga kowa zuwa rijiya don ya daddanna ƙasar gindin da diddige kafin a gani. Abinci yana gabansa zai miƙe ya fita, ya zaga, ya dawo bai yi komai ba. Sau uku na gan shi ya sa rigar Juma'a ran da ba Juma'a ba, ya nufi gidan Baffa, ya kai har bakin zaure, sai ya karkata ya shiga gidan maƙwabci ya tambayi lafiyar jaki.

Ranar wata Talata da hantsi abin ya zo. Tafkuna duk sun ƙafe, garkunan arewa sun sauko, bakin rijiya ba wurin sa ƙafa. Wasaki cike ya taso ya kai rabin hanya. Gwafar ba ta ma yi kukan da ta saba ba, ɓas kawai muka ji. Ta karye daga gindi. Reshe ɗaya ya tsage ya bi igiya waje, raƙumi ya firgita ya zuba a guje da shi. Gangar icen da gargare da wasaki suka rufta ciki, suka kwashi igiyar Liman da ta Buba suka tafi da su. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Da ƙura ta lafa muka duba kututturen, ba ice a ciki, gari ne kamar na gero, gara tana ta guje-guje.

Gungumen bai kai ruwa ba. Ya gitta a can ƙasa inda rijiyar ta tsuke, ya toshe hanya, ko gugan roba ba ya wucewa.

Aka tura babur Gangara a ɗauko mai shiga rijiya, aka taras yana wani aiki can bayan Tanut. Aka ce gobe. Gobe ta zo aka ce jibi. Mata suka ɗora bidon, wato jarkokin ruwa, a jakuna zuwa famfon Falanko, awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, ban da layi. Wannan na sha ne da girki, ina zai isa dabba? Awaki suka riƙa lasar busasshen komi. Kukan shanu ya cika gari, ko sallama aka yi maka ba ka ji. Su Buba suka rasa ta yi: rijiyoyin kusa kowace da masu gwafarta, kowace a cike, na nesa kuma shanun ba su da ƙarfin kaiwa. Rana ta uku shanunsa biyu suka kwanta, ɗaya da ciki, suka ƙi tashi. Dole aka sa musu wuƙa. Buba bai yi faɗa ba, ya zauna kan dutse da sandarsa a cinya yana kallon gidan Abdulgani. Ni da zai zage mu da na fi jin daɗi.

Abdulgani kuwa bai zauna ba. Daga rijiya zuwa bakin hanya, daga bakin hanya zuwa rijiya, ya leƙa ciki, ya koma ya hangi hanya, ya sake dawowa ya leƙa, kamar gungumen zai ji tausayinsa ya fito. Ƙafarsa ta haƙa turba sabuwa, har yanzu jakuna na bi.

Rana ta huɗu mai shiga rijiya ya iso. Aka zura shi da igiya da zarto, ya yanka gungumen gida uku, aka jawo. Ruwa ya fito, dabbobi suka kusa tattake mu. Washegari Maigari ya tara mu a zaurensa.

"Abdulgani, ka san icen ya ruɓe?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Tun yaushe?"

"Bazara uku."

"Me ya hana ka magana?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago ya saci kallon Baffansa, ya sake sunkuyawa. Kowa ya gane. Sai Kawu Yakubu ya gyara zama ya ce, "Maigari, a aika bayan ɗakina a ɗaga zana a gani."

Aka aika. Ƙatti huɗu suka dawo suna nishi, ɗauke da gwafar aduwa sabuwa fil, an ɓare ta, an babbake gindinta da wuta don gara. Har takardar izinin sara daga masu tsaron daji tana aljihun Kawu, ta yi laushi don ajiya.

"Damina biyu tana kwance," in ji Kawu. "Ban ce da sunana za a kafa ba. Me zan yi da suna a shekaruna? Jira nake yaron nan ya zo ya ce, Baffa ga abin da ake ciki. Ni zan bi ɗan wana har gida in roƙe shi?"

Maigari ya dube shi ya ce, "Ashe kai ma ka bari ta kwana, Yakubu."

Dariya ta ƙwace mini har na buga kai da ginshiƙi, aka ce in fita. Ta taga na ji sauran. Maigari ya ce rami ya zama wayam, al'ada kuma kowa ya santa. Buba ya rasa saniya biyu a kan abin da shi ya fara yin gargaɗi a kai. Saboda haka wurin Jika ya koma hannun su Buba har bazara biyar, sannan a sake zama. Gidan Jika kuwa su ja a gwafar Maigari bayan kowa ya gama. Kawu don kunya ya ce a kafa icen nasa, ba zai mayar da shi gida ba. Yanzu haka yana can tsaye ƙyam, ko ƙiƙ ba ya yi, igiyar Buba ke bi ta kansa.

Abdulgani da Baffansa sun fara magana, ba zan ɓoye ba. Yawancinta faɗa ne a kan wanda ya fi wani laifi, amma magana ce, kuma a tsakar rana suke yinta, don lokacinsu ke nan. Shanunsu ba sa fita kiwo sai bayan azahar, haƙarƙari ya fara fitowa, nonon gida ya ragu. Raishatu ta daina maganar gaba ɗaya, wanda ya fi maganar ciwo.

Jiya na ɗauki takardun nan da na rubuta labarin a kai, na same shi a bakin rijiya. Rana tana tsaka, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Yana jiƙe da gumi, yana juye wasakin ruwa ja a komi. Na tsaya a ƴar inuwar gwafar Buba na karanta masa tun daga raƙumin Belbeji har zauren Maigari, ina kwaikwayon muryar kowa. Na rufe da cewa, "Taubashi, zafin nan fa? Ko shi ma a bari ya kwana, ƙila gobe ka tashi ka tarar shanun sun koyi tayammum?"

Ya ajiye wasakin, ya share fuska da bakin rawani.

"Zakari, ka gama?"

"Saura sa hannu."

"To ƙara wannan kafin biron ya bushe. Awakin nan goma sha ɗaya da ke bayanka suna haki, na wane ne in ba naka ba? Shekara tara a gwafar Jika suke sha, ko igiya ba ka taɓa murzawa ba. Kullum ta ƙofar Baffa kake wucewa. Kawunka ne, ba ka jin nauyinsa, kalma ɗaya daga bakin nan naka da ba ya rufuwa ta isa. Ni tsoro ne ya rufe mini baki. Kai me ya buɗe naka a banza? Ajiye takardar nan ka kama igiya, in ba haka ba yau tawada za su sha."